Yara Maza Baƙar Fata Na Amurka Da Masu Riƙe Da Hannunsu

A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 Ma'aikatar Ilmi ta Amurka ta bi makarantun gwamnati na ƙasar duka ta yi ƙidaya. Ta samu cikin kowane yara 100 da ke karatu, 8 ne yara maza baƙar fata. Amma cikin kowane yara 100 da aka kora gida na 'yan kwanaki don horo, 25 daga cikin waɗannan su ke. Watau rabonsu na kora ya ninka rabonsu na kujera sau uku. Ga kuma wani lissafi da ke tafiya tare da wannan: cikin malamai 100 na makarantun gwamnati, da ƙyar a ke samun namiji baƙar fata 2.

Wannan al'amari ya daɗe yana damun shugabannin mutanen nan, sun kuwa yi ta gwada dabaru iri iri fiye da shekara 150. Mun ga ya kamata mu kawo labarin ga malamai da ma'aikata masu karanta wannan shafi, gama da na gaba a kan gane zurfin ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji, ko ya riƙe littafin kuɗin makaranta, zai ga abin da ya sani a ciki.

ASALIN MAGANAR

Kakannin mutanen nan bayi ne da aka kwashe daga Afirka. A zamanin bauta, jihohi da yawa na Kudancin Amurka sun kafa doka ta hana a koya wa bawa karatu. Tun 1740 Carolina ta Kudu ta hana a koya masa rubutu, bayan tawayen Nat Turner na 1831 kuwa sai dokokin suka ƙara tsanani. Masu bayi sun san cewa wanda ya iya karatu zai iya rubuta wa kansa takardar izinin tafiya, zai kuma san abin da ke gudana a duniya. Frederick Douglass, wanda daga baya ya zama babban mai magana da yawun mutanensa, yana yaro a birnin Baltimore ya riƙa ba 'ya'yan talakawan Turawa burodi, su kuma su koya masa baƙaƙe a bakin hanya.

Da aka hana bauta a 1865, mutum kimanin miliyan 4 suka sami 'yanci, mafi yawansu ba su san ko baƙi ɗaya ba. Abin da ya fi ƙaranci a lokacin shi ne malamai. Saboda haka manyan makarantunsu na farko, da yawa daga cikinsu makarantun horon malamai ne. Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a 1856, ya buɗe ta Tuskegee a jihar Alabama ran 4 ga Yuli 1881, yana da shekara 25, da ɗalibai 30. Jiha ta ba da dala 2,000 a shekara don albashi, amma ba ta ba da fili ko gini ba. Ɗaliban da kansu suka buga tubali suka gina azuzuwansu. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fita da sana'a a hannu. W. E. B. Du Bois, baƙar fata na farko da ya sami digirin dakta a Jami'ar Harvard a 1895, ya ja da shi ƙwarai. Ya ce in aka tsaya ga sana'a kaɗai, ba za a sami lauyoyi da likitoci da shugabanni masu ƙwato haƙƙin jama'a ba. Gardamar nan har ta iso ƙasarmu, gama hukumar Phelps-Stokes, wadda Dakta James Aggrey na Gana ya ke cikinta, ta zagaya Afirka ta Yamma har da Nijeriya a 1920 zuwa 1921, ta kuma ba da shawara a bi tsarin Tuskegee.

Daga 1912 Washington ya haɗa kai da wani attajiri mai suna Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, suka fara da makarantu 6 a ƙauyukan Alabama. Sharaɗin shi ne attajirin ba zai biya duka ba. Sai mutanen ƙauye sun tara nasu, hukumar wurin kuma ta yarda za ta riƙe makarantar. Kafin 1932 an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15. Abin lura ga masu lissafi shi ne, kuɗin da talakawa baƙar fata suka tara, kwabo da sisi, da katako da aikin gayya, ya ɗara abin da asusun attajirin ya bayar. John Lewis, wanda ya zauna a Majalisar Wakilai ta Amurka daga 1987 har rasuwarsa a 2020, a irin makarantar nan ya fara karatu.

NASARA DA TA ZO DA HASARA

Tun 1896 Kotun Ƙoli ta yarda a raba Turawa da baƙar fata a wuraren jama'a, bisa cewa za a daidaita abin da kowa ke samu. Rabawar an yi ta, daidaitawar ce ba a yi ba. Makarantun baƙar fata su ne masu tsofaffin littattafan da Turawa suka gama da su, malamansu kuma albashinsu bai kai na takwarorinsu ba. Ran 17 ga Mayu 1954, cikin shari'ar da a ke kira Brown, alƙalai 9 baki ɗaya suka yanke cewa raba yara a makaranta saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Lauyan da ya jagoranci ƙarar shi ne Thurgood Marshall, wanda ya yi karatu a Jami'ar Lincoln, inda Dakta Azikiwe da Dakta Nkrumah su ma suka yi.

Wannan babbar nasara ce, ba mai musu. Amma ta zo da wata hasara wadda ba a cika faɗa ba. Da aka zo haɗa makarantu, na baƙar fata aka fi rufewa, aka kwashe yaran aka kai na Turawa, aka bar malamansu a waje. An ƙiyasta cewa tsakanin 1954 da 1965 malamai da shugabannin makarantu baƙar fata kimanin 38,000 suka rasa aikinsu a jihohin Kudu da maƙwabtansu. Malamin nan da ya san uban yaro, ya san gidansu, su ke haɗuwa a kasuwa, shi ne ya tafi. Matasa kuma da suka ga abin da ya sami malamansu sai suka juya ga wasu ayyuka. Nan ne tushen ƙarancin da muka ambata a farko.

In ana son a ga amfanin irin malaman da aka rasa, sai a dubi Dakta Benjamin Mays. Iyayensa an haife su cikin bauta, shi kuwa ya shugabanci Kwalejin Morehouse ta samari a Atlanta daga 1940 zuwa 1967. Kowace Talata da safe ya kan tara ɗalibai ya yi musu jawabi a kan mutunci da riƙon amana da ƙin yarda da wulaƙanci. Cikin masu sauraronsa akwai wani yaro da ya shiga kwalejin a 1944 yana da shekara 15, sunansa Martin Luther King. A 1968 da aka kashe King, tsohon malamin nasa ne ya yi jawabin ban kwana wurin jana'izarsa.

ME YA SA YARA MAZA?

Mai karatu zai tambaya, me ya sa a ke ware maza, alhali 'yan mata ma baƙar fata ne? Wani babban bincike da Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya ba da amsa. Sun bi bayanan yara kimanin miliyan 20 tun suna ƙanana har suka girma. Suka samu in yarinya baƙar fata da Baturiya sun tashi a gidaje masu samu ɗaya, abin da su ke samu in sun girma kusan ɗaya ne. Amma ga maza ba haka ba ne. A unguwanni 99 cikin 100, yaro baƙar fata ya kan girma yana samun ƙasa da abin da ɗan Bature ke samu, ko da iyayensu arzikinsu ɗaya. Sun kuma lura cewa yaran sun fi dacewa a unguwar da magidanta baƙar fata su ke da yawa, ko da uban yaron kansa ba ya gidan. Watau ganin dattawa suna fita aiki suna dawowa, shi kansa tarbiyya ne.

Wani abin kuma yana cikin idon malami. A 2016 Walter Gilliam na Jami'ar Yale ya tara malaman ƙananan yara ya nuna musu majigin yara 4 suna wasa, ya ce su nemo alamar rashin ji. Gaskiyar magana, ba yaron da ya yi wani laifi a majigin. Amma na'urar da ke bin ƙwayar ido ta nuna cewa yaro namiji baƙar fata aka fi zuba wa ido. Wanda a ke jiran laifinsa kuwa, ba a daɗewa sai a gani. Daga nan sai kora, daga kora sai ya rasa darasi, in ya dawo bai gane inda a ke ba sai ya ƙara fitina, a sake korarsa. Haka abin ke zagayawa har yaro ya bar makaranta.

Sa'an nan ga maganar kuɗi. A Amurka babban kaso na kuɗin makaranta daga harajin gidaje da filaye na yankin ya ke fitowa. Yankin da gidajensa ke da tsada, harajinsa ya fi kauri. Shekaru masu yawa doka da bankuna sun tsare baƙar fata cikin unguwanni marasa daraja, saboda haka makarantunsu suka daɗe cikin ƙunci.

ABIN DA SHUGABANNI SUKA GWADA

Na farko, samar da malamai. A 2000 Jami'ar Clemson ta Carolina ta Kudu ta haɗa kai da kwalejojin baƙar fata 3, watau Benedict da Claflin da Morris, suka kafa shirin da suka sa wa suna Call Me MISTER. Ma'anarsa kusan a ce, “Kira ni Malam.” Sunan yana da nauyi, gama a dā a Kudu Bature ba ya kiran baƙar fata da sunan girma, ko da dattijo ne mai furfura sai ya ce masa “yaro.” Sa'ad da aka kafa shirin, maza baƙar fata ba su kai 1 cikin 100 na malaman firamare na jihar ba. Tsarinsa shi ne a zaɓo samari, a taimake su da kuɗin karatu, su zauna tare su yi karatu tare ƙarƙashin wani babba mai lura da su, su kuma yi alkawarin koyarwa shekara ɗaya a madadin kowace shekara da aka ɗauki nauyinsu. Dakta Roy Jones ya daɗe yana jagorancinsa, daga baya kwalejoji na wasu jihohi suka ɗauka.

Ko wannan wahala tana da riba? A 2017 Seth Gershenson da Nicholas Papageorge da abokansu suka duba bayanan yara baƙar fata kimanin 100,000 na Carolina ta Arewa. Suka samu yaro namiji ɗan gidan talauci ƙwarai, in ya sami malami baƙar fata ko da ɗaya tsakanin aji 3 da aji 5, haɗarin ya bar sakandare bai gama ba ya kan ragu da kashi 39 cikin 100. Ba wai Bature ba ya iya koyarwa ba ne. Wani bincikensu na 2016 ya nuna inda gizo ke saƙa: in aka tambayi malamai biyu game da yaro guda, malami baƙar fata ya fi sa ran yaron zai kai jami'a ya gama. Yaro kuwa ya kan gane abin da malaminsa ke zato game da shi tun ba a faɗa masa ba.

Na biyu, makarantun samari zalla. A 2004 David Banks da wata ƙungiyar dattawa mai suna One Hundred Black Men suka buɗe Eagle Academy a unguwar Bronx ta birnin New York. Makarantar gwamnati ce, an tsawaita lokacin karatu, an ƙara da Asabar, an kuma haɗa yara da manya masu ayyukan yi don su riƙa bin sawunsu. Ta yaɗu har ta zama makarantu 6, Banks kuma ya riƙe shugabancin makarantun birnin duka daga 2022 zuwa 2024.

Na uku, gyara daga cikin makarantar da a ke da ita. A 2010 hukumar ilmi ta birnin Oakland a Kalifoniya ta kafa ofishi na musamman don ci gaban yara maza baƙar fata, ta ba Chris Chatmon riƙonsa. Aka sa wani darasi cikin jadawalin yini, malami namiji baƙar fata ke koyar da shi, ana karanta tarihin Afirka da na kakanninsu, ana kuma duba sakamakon kowane yaro a sauran darussa. A 2019 Thomas Dee da Emily Penner suka auna shirin, suka ga yawan masu barin makaranta cikin shekara ya sauko daga kimanin 8.5 zuwa 4.9 cikin 100.

Na huɗu, koya wa yaro riƙe zuciyarsa. A Shikago akwai shirin Becoming a Man, watau zama cikakken mutum, wanda Anthony Ramirez-Di Vittorio ya ƙirƙiro. Samari kan zauna da'ira sau ɗaya a mako tare da mai ba da shawara. Wasansu na farko ya shahara: a ba ɗaya ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa abokinsa yana da daƙiƙa 30 ya karɓe. Kusan kowa da kokawa ya ke farawa. Bayan sun gaji sai a tambaye su, me ya hana ka roƙa? Mai ƙwallon kuwa sau da yawa ya kan ce da an roƙa da ya bayar. Masana na Jami'ar Shikago sun gwada shirin ta hanyar ƙuri'a, wasu yara su shiga wasu su tsaya, don kada a ce masu hankali aka tsinto. Suka samu kamun da 'yan sanda ke yi wa yaran saboda faɗa ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin 100 muddin suna cikin shirin.

Shugaba Barack Obama ya zauna da samarin wannan shiri a Fabrairu 2013, shekara ɗaya bayan an harbe wani saurayi baƙar fata mai shekara 17 a Florida, ba shi da makami. Ran 27 ga Fabrairu 2014 ya kafa My Brother's Keeper, watau mai tsaron ɗan'uwansa. Ya sa matakai 6 da a ke so kowane yaro ya taka: ya shiga makaranta a shirye, ya iya karatu sosai kafin ya wuce aji 3, ya gama sakandare, ya gama kwaleji ko koyon sana'a, ya sami aiki, ya kuma tsira daga tashin hankali, in ya yi tuntuɓe a ba shi dama ta biyu. Garuruwa da yankuna kusan 250 suka amsa kira. A 2017 aikin ya koma ƙarƙashin gidauniyar Obama.

INDA A KE DA JA

Ba daidai ba ne mu kawo yabo mu ɓoye suka. A 2014 mata baƙar fata da wasunsu fiye da 1,000 sun rubuta wa Obama takarda cewa an mance da 'yan mata, alhali su ma ana korarsu daga makaranta fiye da 'ya'yan Turawa nesa ba kusa ba. Wasu kuma sun ce ana ta ƙoƙarin gyara halin yaro, an bar harajin da unguwar da dokokin horon da suka jefa shi cikin halin. Masu binciken Shikago da kansu sun faɗa cewa raguwar kamun ba ta ɗore ba bayan yara sun fita daga shirin, ko da ya ke ribar gama makaranta ta tsaya.

Akwai kuma darasi ga masu karanta rahoto. A 2010 makarantar samari ta Urban Prep a Shikago ta ba da sanarwa cewa ɗalibanta 107 da suka gama, dukansu sun sami gurbi a kwaleji. Jaridu suka yi ta yabo. Sai masu lura suka tambaya, nawa suka shiga aji ɗaya shekara 4 da suka wuce? Waɗanda suka shiga sun fi 107, sauran sun watse a hanya. Lissafin gaskiya daga ƙofar shiga a ke fara shi, ba daga ƙofar fita ba. Duk akawun da aka kawo wa rahoto mai cewa kowa ya ci, ya nemi rajistar shekarar farko tukuna.

ABIN DA MUKA GANI

Tarihin mutanen nan dabam ya ke da namu, ba kuwa za mu ce ciwonsu shi ne ciwonmu ba. Amma aikin koyarwa ɗaya ne ko'ina, akwai kuma abubuwa uku da suka yi ta fitowa tun daga Tuskegee har zuwa Oakland.

Ɗaya, kowane shiri da ya yi amfani, in ka tone shi, za ka tarar da babban mutum guda wanda ya san sunan yaro, ya san gidansu, ya kuma sa masa rai. Gini da littattafai dole ne, amma ba su sa wa yaro rai. Saboda haka kwalejin horon malamai ita ce gindin aikin, kuma wanda za a ɗauka cikinta, a duba daga ina ya fito da inda zai koma.

Biyu, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Malamin aji 3 wanda ba a cika kula da shi ba, binciken Carolina ta Arewa ya nuna cewa sawunsa yana nan a kan yaro har shekara 10 gaba. Kuskure ne a tura ƙwararru manyan azuzuwa a bar ƙanana ga wanda aka samu.

Uku, kora ita ce horo mafi sauƙi ga malami, mafi tsada ga yaro. Kafin shugaban makaranta ya sa hannu a takardar kora, ya buɗe littafin horo ya duba sunayen da ke ciki tun farkon shekara. In ya ga 'ya'yan unguwa ɗaya ne, ko 'ya'yan masu sana'a ɗaya, ke ta maimaituwa, to, ya tsaya ya tambayi kansa da malamansa ko yaran ne suka fi laifi, ko kuwa su aka fi zuba wa ido.

Mutanen da aka taɓa yi wa bulala saboda an kama su da littafi, su ne suka tara kwabo da sisi suka gina makarantu kusan 5,000 cikin shekara 20. Jikokinsu ba su kai gaci ba tukuna, amma ba su ajiye kayan ba. To, malamai, gobe da safe in an buga ƙararrawa, kowa ya dubi bencin baya na ajinsa, ya ga wane yaro ne ya riga ya fid da rai da shi, ya fara da wannan.